Yadda Ake Gina Gareji Mai Hawa Biyu a Fili Mai Gangare

A ƙauyukanmu na ƙasar Rano, haka ma wajen Dutse, Birnin Kudu da Kazaure, akwai irin filin nan da kowa ke kauce wa ranar rabon gado ko cinikin fegi: wanda kansa ke bakin hanya, ƙafarsa ta gangara can ƙasa wajen kwari. Irinsa ne ya faɗo wa yayana, a gefen gidansa. Yana da Hilux ta ɗaukar kaya da ƙaramar mota, duk a gindin darbejiya suke kwana, ga babur, ga injin ban-ruwa, ga kayan gona an cusa su a zaure har baƙo ba ya samun wurin zama. Shawarar da aka fara ba shi ita ce ya kira tifa a yi ta zuba ciko har filin ya daidaita da hanya. Na ce masa, "Yaya, kuɗin da za ka binne a ciko ya kusa ba ka ɗaki guda a ƙarƙashin motar. Bari gangaren ya yi mana aiki."

Haka muka yi. Gini ne shi kaɗai, ba ya jingine da gida: mota ta shigo hawan sama kai tsaye daga hanya, hawan ƙasa kuma ƙofarsa na kallon gona, mutum ya shiga da baro ba tare da ya taka matakala ba. Ni birkila ne, kuma zan bi aikin yadda muka bi shi. Abu guda nake so mai karatu ya riƙe tun yanzu. A irin wannan gini, bangon baya na hawan ƙasa, wanda ke jingine da tudu, ba bango ba ne irin sauran. Shi ke riƙe da tudun, da ruwan da tudun ya sha. Idan kuɗi ya yi kaɗan a rage fenti, a rage ƙofa mai ado, a jinkirta filasta, amma kar a rage masa komai.

Je ka filin ana ruwa

Kafin ka sayi buhun siminti ko ɗaya, ka bari damina ta nuna maka filin. Ranar da aka yi ruwa mai ƙarfi a watan Agusta ka ɗauki lema ka je ka tsaya. Idan ba ka samu zuwa ba, ka je da sassafe washegari: za ka ga layin ƙaiƙayi, kashin awaki da guntayen kara da ruwa ya jera a inda ya bi, ka ga inda ya zaizaye ƙasa har tsakuwa ta fito, da inda ya kwanta ya bar laka mai sheƙi. Ka kafa turaku a waɗannan wurare, domin da rani duk za su ɓace, filin ya yi kamar bai taɓa ganin ruwa ba. Ka lura musamman ko hanya tana juye ruwanta cikin filin. Namu haka yake, ruwan rabin unguwa ta nan yake sauka.

Sannan ka sa a haƙa ramuka uku ko huɗu, biyu a sama biyu a ƙasa, zurfin mita 1.5 ko har a tarar da ƙasa mai tauri. Marmara da jar ƙasa mai tsakuwa abin so ne. Dutse ma alheri ne, sai dai fasa shi zai ci kuɗi. Baƙar laka irin ta fadama, wadda ke darewa da rani ta kumbura da damina, ita ce abin tsoro. Idan ita ka tarar, kar ka ci gaba sai injiniya ya gani. Haka idan ka ga fasassun tukwane, toka da leda, wato tsohuwar bola ce ko kududdufin da aka cike, ba a ɗora tushe a kai.

Awon gangaren

Ido yana ruɗi a kan gangare. Abin awon kuwa yana da araha: siririn tiyo mai haske da ake ganin cikinsa, tsawon mita 15. Ka cika shi da ruwa, ka tabbata babu kumfar iska. Mu mukan ɗiga masa ɗan zoɓo don a riƙa ganin bakin ruwan daga nesa. Mutum ɗaya ya riƙe baki ɗaya a jikin turken da ke bakin hanya, ɗayan ya gangara da ɗaya bakin, ya ɗaga shi a jikin doguwar gora inda ginin zai ƙare. Ruwan zai tsaya daidai wa daida a ɓangarorin biyu. A yi alama, a auna daga kowace alama zuwa ƙasa, a debe ƙarami daga babba. Abin da ya rage shi ne saukar filin.

Namu gini faɗinsa mita 7 ne a bakin hanya, zurfinsa mita 6.5 zuwa gangare. Hilux tsawonta ya ɗan haura mita 5, don haka wannan ya isa motoci biyu a buɗe ƙofofinsu a wala. Daga daɓen ƙasa zuwa saman dakin, wato rufin kankaren da mota za ta hau, muna buƙatar wajen mita 2.7, filin kuwa mita 1.6 kawai ya sauka. Sauran sai muka raba shi biyu: muka ƙara haƙa ƙasa, muka kuma ɗaga daɓen sama kamar santimita 40 bisa hanya. Wannan ɗagawar ba don cike lissafi kaɗai ba ce, ita ke hana ruwan hanya shiga gareji. Hawan da mota za ta bi kar ya yi tsaye: a kowace mita 8 ya tashi mita 1, idan wuri ya matse a kowace mita 6. Fiye da haka ƙaramar mota za ta riƙa goga ciki. Daɓen ƙasa kuma dole ya fi ƙasar da ke gaban ƙofarsa tudu. Idan ka haƙa har ɗakin ya zama rami ta kowane gefe, rijiya ka gina.

Me zai hau sama, me zai zauna ƙasa

Nan mutane da yawa suke kuskure. Gani suke mota ce mai nauyi, hatsi kuwa ai hatsi ne. Ka yi lissafi. Hilux wajen tan 2 ce, kuma ta mamaye fili kusan murabba'in mita 10. Buhun masara mai kilo 100 kuwa idan aka kwantar da shi bai fi rabin murabba'in mita da ɗoriya ba. Ka jera takwas a kan juna, ka ɗora fiye da tan 1 a kan murabba'in mita guda. Hatsin ya ninka motar sau da yawa. Dakin da aka zana don mota, ranar da aka mayar da shi rumbu da kaka an zalunce shi. Idan kana da niyyar tara buhuna a sama don jiran farashin Dawanau ya tashi, ka faɗa wa injiniya tun farko ya zana maka daidai da haka.

Mu mun sa motoci a sama, kaya a ƙasa, saboda hanyarmu ta sama take. Wanda hanyarsa ke ƙasan gangare sai ya juya: mota a ƙasa, ɗakin aiki ko na kaya marasa nauyi a sama. Ko wanne ne, bangon da ke tare tudu yana nan.

Dagaci, maƙwabci da injiniya

Ka je wa mai unguwa da dagaci, a fito da shaidu a tabbatar da iyaka, ka kuma tambaya a sashen ƙasa na ƙaramar hukuma ko wurin yana buƙatar takardar izini. Wuraren da birni ya fara cimmawa a Kano suna ƙarƙashin KNUPDA, hukumar tsara birane ta jiha, Jigawa ma tana da tata hukumar raya birane. Ka ja baya daga hanya yadda mota za ta iya tsayawa gaban ƙofa ba ta tare wa amalanke hanya ba, ka kuma nisanci wayoyin KEDCO masu babbar wuta.

Wanda ke ƙasa da kai a gangaren, ka same shi da kanka. Duk ruwan da za ka kawar daga gininka wajensa zai nufa, kuma sau da yawa katangarsa ta ƙasa ce. Mu dattijon da ke ƙasa da mu muka je muka durƙusa muka gaishe shi, na ce, "Baba, ga inda muke so ruwan ya bi, ta gefen gonarka zuwa kwari. Ka nuna mana idan akwai inda ya fi." Ya ɗauki sandarsa ya zagaya da mu, ya nuna mana tsohuwar hanyar ruwa da ta fi tamu. Ita muka bi.

Batun injiniya kuwa ba na sassauci. Ɗakin kwana da shago mukan gina da abin da muka gada a hannu. Amma a ɗora mota bisa kan mutane, a kuma tare tudu, wannan sai da lissafi. Ka nemi injiniyan gini mai rajistar COREN, hukumar kula da aikin injiniya ta ƙasa, ya zo ya ga ramukan gwajin, ya zana maka tushe, bangon tare ƙasa, filoli (ginshiƙai), bim (kankaren da ke kwance bisa filoli) da dakin, da kaurin rodi da tazararsa. Kuɗin zanen bai kai na rodin da za a yi asara ba idan aka yi da ka. Duk adadin da zan ambata a ƙasa na ginin yayana ne, ba na naka ba.

Lokaci da kaya

A fara bayan kaka, Nuwamba, lokacin da ƙasa ta tsane kuma matasa sun sauko daga aikin gona. Burin shi ne a gama dakin, ciko da magudanai kafin ƙarshen Afrilu. Ramin da damina ta samu a buɗe gefensa zai rufta. Matsalar rani ɗaya ce, ruwa, don haka ka tanadi tanki ko durom-durom ka yi magana da mai kawo maka ruwa tun da wuri, domin kankare bayan an zuba shi ya fi shan ruwa.

Rodi da fayif daga Ƙofar Ruwa muka ɗauko, katako daga Na'ibawa. A ko'ina ka sayi rodi, ka ɗora shi a sikelin awon hatsi: mai milimita 12 mai tsawon mita 12 ya kamata ya kusa kilo 11, mai milimita 16 kuma wajen kilo 19. Idan ya gaza sosai, an rage masa jiki. Yashi na kogi mai kaifi ake so. Ka zuba shi rabin kwalba, ka cika da ruwa, ka girgiza ka ajiye. Idan laka mai kauri ta kwanta a kansa, a mayar. Tsakuwa ta fasasshen dutse. Siminti, ko Dangote ko BUA ko Ashaka, ya zama sabo, ba wanda ya fara dunƙulewa ba, a ajiye shi bisa katako. Bulo kuma na fi so a buga a wurin aiki a gaban idona, buhu ɗaya kar ya wuce bulo 30 mai inci 9, a yi masa ban-ruwa mako guda. Bulon da ka murza da yatsa ya zube ba shi da gurbi a nan.

Fegi, haƙa da tushe

A kafa katakan awo nesa da inda za a haƙa, a ja igiya, a daidaita ta da tiyon nan. A kan gangare ana auna tsawo ne a miƙe bisa igiya, a sauke ma'auni mai dalma zuwa ƙasa. Idan ka shimfiɗa tef a jikin gangaren ginin zai fito gajere. A fitar da kusurwa da awon 3, 4, 5: mita 3 a gefe ɗaya, 4 a ɗayan, tsakaninsu ya ba da 5 cif. Sannan a gwada daga kusurwa zuwa kishiyarta, biyun su zo ɗaya.

Wajen haƙa, a wuce layin bangon baya da aƙalla mita 1, saboda mutum zai shiga nan ya yi filasta ya shafa kwalta. Kar a yanke gefen tudun a tsaye kamar bango idan zurfi ya haura ƙirjin mutum, a kwantar da shi baya ko a yi shi hawa-hawa. Kar a tara ƙasar da aka haƙo a bakin ramin, kar tifa ta matso kusa, kar a bar yara su yi wasa ciki da yamma. Ƙasa ba ta sallama kafin ta rufto. Baƙar ƙasar sama a kai ta gona, marmarar a ware ta gefe don ciko.

Tushe duk ya sauka a kan ƙasar asali mai tauri, ba a kan ciko ba. Gefen gangare shi ake yi wa rowa, saboda an ga ƙasa ta yi ƙasa sai a ce ya isa. Can ne kuwa zaizaya ke fara tone tushe, don haka can ya fi buƙatar zurfi. A bangunan gefe, inda ƙasa ke sauka, ba a karkata tushe ya bi gangare. Ana yin sa kamar matakala, kowane taki a shimfiɗe, tsayinsa daidai da layin bulo ɗaya ko biyu, kankaren sama ya hau kan na ƙasa sosai. Inda aka ci karo da dutse a share shi, a sassaƙe shi ya kwanta, a huda a dasa rodi don ginin ya kama shi. A fesa maganin gara a ramin. Kwaɓin tushe buhu ɗaya, kwanon sarki 4 na yashi, 8 na tsakuwa. A nan ake dasa rodin filoli da na bangon baya, a lanƙwasa ƙafarsu cikin tushen. Namu filoli tara ne, uku-uku, ɗaya a tsakiyar ɗakin ƙasa. Yayana bai so na tsakiyar ba, ya ce zai tare wuri. Injiniya ya nuna masa irin bim da rodin da za a saya idan aka cire shi, sai ya haƙura.

Bangon da ke tare tudu

Shekarun baya, ina ƙaramin birkila, na yi wa wani kawuna ɗan sito a irin wannan wuri. Bulo mai inci 9 muka jera, ramukansa fayau, babu rodi, babu hanyar ruwa, muka tura ƙasa bayansa tun siminti bai gama kamawa ba. Da rani lafiya lau. Tsakiyar damina ya aiko a kira ni. Na tarar bangon ya yi ciki, tsaga ta bi layin bulo na uku daga wannan kusurwa zuwa waccan, jan ruwa na tsiyaya ta cikinta, buhunan takinsa na ƙasa sun narke sun zama dutse. Na sa tafin hannu a bangon na ji shi da sanyi yana gumi. Kawu bai ɗaga murya ba, cewa ya yi, "Ɗana, ka ga abin da ruwa ya yi." Muka rushe muka sake. Har yau idan zan fara irin wannan bango sai na tuna sanyin nan a hannuna.

Ga dalilin. Ƙasar da ta kai tsayin mita 2.4 tana tura kowace mita ta bangon da ƙarfin wajen tan 2. Idan ruwa ya cika bayan bangon bai sami mafita ba, turin yakan kai tan 4. A bango mai mita 7 ka lissafa. Kuma turin ba ya ƙaruwa daidai da tsayi: idan tsayi ya ninka biyu, turi ya ninka huɗu. Shi ya sa dabarar da ta riƙe dakalin ƙofar gida ba za ta riƙe wannan ba.

Hanya biyu ce. Ko a kafa katako a zuba kankare zalla da ragar rodi, kauri santimita 23 zuwa 25, ko a jera bulo mai inci 9, rodi a tsaye cikin ramukansa, wani a kwance tsakanin layuka, a cike kowane rami da kankare. Ta farko ta fi ƙarfi da hana ruwa, ita muka bi. Wanda ya bi ta biyu kar ya jera bulo har sama sannan ya ce zai ɗura. A riƙa cikewa bayan kowane layi uku, ana soka rodi ana zungura har kankaren ya zauna. Tushen wannan bango ya fi na sauran faɗi nesa ba kusa ba, kuma gefen da rodi zai zauna, ciki ko waje ko duka biyu, zanen injiniya ne zai faɗa. Mai ɗaurin rodi kar ya sauya don sauƙinsa. A bar kankare santimita 4 zuwa 5 tsakanin rodi da ƙasa don tsatsa. Bangunan gefe ma, iya inda ƙasa ta rufe su, haka za a yi musu, a kuma ɗaure su da na baya a kusurwa.

Sai abin da ya fi komai wuyar sa mai gini ya yarda: ba a mayar da ƙasa bayan bangon nan sai an zuba dakin ya yi ƙwari. Dakin ne ke dafe kan bangon. Kafin nan bangon tsaye yake da ƙafa kawai. Mai gida zai ga rami a buɗe wata guda ya ƙosa. A kewaye ramin da ƙaya a jira.

Daɓen ƙasa kuwa a zuba marmara a daddaɓe, a shimfiɗa leda mai kauri, gefunanta su hau juna, a zuba kankare santimita 10 zuwa 15, a ɗan karkata shi wajen ƙofa.

Dakin

Kafinta ya kafa katako, turakun da ke tallafe da shi su tsaya bisa daɓe ko faffaɗan katako, a ɗaure su da juna. Namu dakin kaurinsa santimita 15 ne, rodi mai milimita 12, filoli da bim mai 16. Kankaren shimfiɗar kaɗai ya kusa kubik mita 7 (kubik ɗaya shi ne mita guda a tsawo, faɗi da zurfi), nauyinsa ya haura tan 16, don haka turaku ba wurin tsimi ba ne. A sa biskit na siminti a ƙarƙashin rodi ya ɗaga daga katako. Rodin sama da ke kan bim da bango a tallafe shi, a shimfiɗa katakan takawa, domin idan leburori suka tattake shi ya kwanta ƙasa amfaninsa ya tafi, nan ne ake ganin tsaga ta bi kan bim. A sa fayif ɗin wayar lantarki. Injiniya ya zo ya duba kafin a zuba, ba bayan an zuba ba.

Wani abu da ba a cika tunawa da shi ba: bangon ƙarshe na hawan sama, bayansa rami ne mai zurfin kusan mita 3. Ranar da yaro mai koyon mota ya taka totur a madadin birki, bulo ba zai tare shi ba. A fito da rodi daga dakin a zuba dakalin kankare a gindin wannan bango, a kuma yi ɗan tudun tare taya kamar mita 1 kafin a kai gare shi.

Kwaɓin dakin ya fi na tushe ƙarfi: buhu ɗaya, kwano 3 na yashi, 6 na tsakuwa, ruwa kar ya wuce jarka ɗaya mai lita 25, a rage idan yashin jiƙaƙƙe ne. Buhu wajen 8 ke shiga kowace kubik mita. Leburori suna son ƙara ruwa don ya yi saurin zuba. Ka tsayar da mutum ɗaya mai amana a bakin injin kwaɓa, aikinsa ke nan. A yi hayar injin girgiza kankare. A fara bayan sallar asuba a gama rana ɗaya, ba a barin rabi sai gobe. A karkata saman kaɗan wajen ƙofa don ruwan wankin mota ya fita.

Iskar hunturu da zafin Maris duk suna shanye ruwan kankare kafin ya yi ƙwari. Da ya kama, a kewaye bakinsa da ɗan turɓaya a tara ruwa a kai, ko a rufe da buhunan algarara a riƙa jiƙawa safe, rana da yamma, aƙalla kwana 7, in da hali 14. Turakun ƙasa su kwana 21. Mota kar ta hau sai bayan kwana 28.

Hanyar ruwa da ciko

Yanzu a koma bayan bango. A toshe duk wani rami, a yi filasta mai laushi, a yi ɗan kwana da siminti inda bango ya haɗu da tushe don kar ruwa ya kwanta a lungun. Idan ya bushe a shafa kwalta sau biyu ko uku, kowanne ya bushe kafin na gaba, sannan a rufe da leda mai kauri don tsakuwa kar ta kankare ta.

A gindin bangon, ƙasa da daɓen ɗaki, a kwantar da fayif mai inci 4 da aka hudde, hudojin na kallon ƙasa da gefe. Ya riƙa sauka santimita 1 a kowace mita, ya zagaya ta gefen ginin ya fito sarari a ƙasan gangare, in da hali ta ɓangarorin biyu. Kafin a rufe, a juye bokiti biyu a can sama a je a ga fitarsa. A lulluɓe shi da wankakkiyar tsakuwa, a ci gaba da tsakuwar a jikin bango kauri santimita 30 har kusa da sama, tsakaninta da ƙasa a sa yadin tace ruwa, idan bai samu ba a yi layin yashi mai kaushi. A katangar fili akan bar ƙofofin tsiyaya a jikinta. Nan ɗaki ne a ciki, ba a yi.

Cikon da marmara za a yi, ba laka ba, ba shara ba. Santimita 15, a yayyafa ruwa, a daddaɓe, a ƙara. Aiki ne mai gundura, kuma a kansa mota za ta riƙa wucewa kullum. Idan aka yi ha'inci, bakin ƙofa zai lotsa a daminar farko. A rufe sama da kankare mai gangarowa daga ginin. A gaban ƙofar sama a yi lambatu mai murfin ƙarfe daga gefe zuwa gefe, a haɗa shi da lambatun da zai bi gefen gini ya sauka. Inda ruwan zai faɗi a jera duwatsu su karya ƙarfinsa, a dasa jema ko gamba a kan gangaren da aka yanka.

Hawan sama da rufi

Wannan gini ne da kowane birkila ya sani. Filoli su ci gaba har sama, linta ta zagaye ginin duka, ƙofar mota tsayinta kar ya gaza mita 2.4 saboda kaya a bayan Hilux. Gini a kan tudu yana shan iskar farkon damina, don haka a dasa langa-langa ko rodi cikin linta a ɗaure katakon rufi da shi, a shafe katakon da maganin gara. Rufin ya zubar da ruwansa gefe ko ƙasan gangare, ba bayan bangon da aka sha wahalar tsanewa ba. A sa indararo: rufi mai murabba'in mita 60, ruwan milimita 25 kawai zai ba ka lita 1,500, fiye da durom bakwai. Yayana tanki ya ajiye a ƙasa, da shi ake ba dabbobi.

A bar tagogin iska a sama da ƙasa, a sa musu raga. Tururin fetur ya fi iska nauyi, ƙasa yake bi ya taru, saboda haka ba a ajiye jarkokin mai a ɗakin ƙasa, kuma matakalar da ta haɗa hawa biyun mun yi ta ne a waje. Janareta da injin ban-ruwa ba a tayar da su a rufaffen ɗaki, hayaƙinsu na kisa ba tare da an ji warinsa ba. Buhunan hatsi a ɗora su bisa katako, a bar rata tsakaninsu da bangon baya yadda mutum zai iya wucewa, taki da maganin feshi kuma a ware musu nasu lungu.

Ruwan farko mai ƙarfi da ya sauka bayan mun gama, da dare ne. Na ɗauki tocila na gangara bakin fayif ɗin. Ya ɗan jima shiru, sannan ya fara ɗiga, daga baya ya zubo kamar an buɗe famfo, da fari ja, can ya washe. Na shiga ɗakin ƙasa na bi bangon baya da tafin hannu daga kusurwa zuwa kusurwa, a bushe yake. Washegari muka ɗaura ragar ƙarfe a bakin fayif ɗin saboda ɓera da maciji. Kowace shekara cikin watan Mayu yaran gidan ke cire ragar su zura doguwar sanda, su kuma kwashe yashin da ya taru a lambatun ƙofa kafin hadari ya fara haɗuwa.